Kafar da ke buɗewa idan jini ya dawo wa zuciya

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, aikin farko na likitoci shi ne buɗe ta cikin gaggawa. Sai dai dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar, kuma wannan ɓarnar ce masu binciken magungunan kare zuciya suka daɗe suna neman hanyar daƙilewa.

Lamarin yana faruwa ne a cikin mitokondiriya, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, waɗanda suka mamaye kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙwayar tsokar zuciya. Kowacce tana da tantani biyu. Na ciki yana aiki tamkar madatsar ruwa: ana tara ƙwayoyin furoton a gefe guda, su kwarara ta mashiga ta musamman, kwararar ta samar da ATP, sinadarin da zuciya ke bugawa da ƙarfinsa.

Yayin toshewar, sinadarin kalsiyam kan taru a cikin ƙwayar. Da zarar iskar oksijin ta dawo, sai sinadarai masu lahani su yawaita, wata kafa ta buɗe a jikin tantanin cikin mintunan farko. Madatsa ta ɓalle ke nan. Mitokondiriya ta kumbura, ATP ya ƙare, ƙwayar ta mutu.

Saikulosforin, maganin da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, yana manne wa furotin ɗin saikulofilin D, wanda ke sauƙaƙa buɗewar kafar. A shekarar 2008, wani gwaji da likitocin Faransa suka yi kan majinyata 58 ya nuna raguwar ɓangaren zuciyar da ya lalace. Fata ya yi yawa, watakila fiye da kima ga gwaji mai ƙanƙanta haka. A 2015 aka fitar da sakamakon babban gwajin CIRCUS mai majinyata 970: bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa allurar ba su fi sauran samun sauƙi ba, ta fuskar mace-mace ko gazawar zuciya.

Daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai cewa dabbobin gwaji galibi ƙanana ne masu lafiya, alhali majinyaci kan zo da tsufa, hawan jini ko ciwon sukari, yana kuma shan wasu magunguna. Ga kuma ƙarancin lokaci: dole maganin ya isa tantanin kafin jinin ya dawo, alhali jijiyar da za ta kai shi wurin a toshe take.