Fasto Da Rikodarsa

A shekarun 1980, faston ƙauye a Filato ko kudancin Kaduna ba ya da ranar hutu. Da asuba yana gona, domin albashinsa ba ya cika rumbu. Da hantsi ya zaga marasa lafiya. Sai dare ya yi, matan zumunta su taru da tulu da ganga, shi kuwa ya kafa rikoda, sau da yawa da batirin da uwargida ta saya domin tocilan.

Ba wasa yake yi ba. Tun da sojojin Habasha suka ƙwace tashar Muryar Bishara a 1977, waƙoƙin suka rasa babbar kafa, yawancinsu kuma ba a rubuce suke ba. Yau kaset ɗin suna cikin akwatuna, zafi da damshin damina suna cin su.