Idan Sitiyarin Akori-kura Ya Fara Wasa

Akori-kura mota ce ta wahala. Ita ke kai hatsi kasuwar Dawanau, ita ke ɗauko tumatir daga fadama, ita kuma ke jigilar 'yan cin kasuwar ƙauye a hanyar da ba ta san kwalta ba. Da yawansu sun tsufa a hannun masu su. Akwai Fijo 504 irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, akwai kuma tsofaffin Hilux da aka shigo da su na hannu. Cikin ciwon tsufan da ke kama irin waɗannan motoci, wanda direbobi suka fi rainawa shi ne wasan sitiyari, alhali yana cikin mafiya hatsari.

Alamarsa ba ta ɓuya. Direba zai juya sitiyari, tayoyi su yi kamar ba da su ake ba, sai ya ƙara juyi sannan su amsa. A miƙaƙƙiyar hanya motar na karkata dama da hagu, hannun direba bai hutawa da gyara mata zama. In ta faɗa rami a ji ƙwas daga gaba, tayoyin gaban kuma su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Abin takaicin shi ne lalacewar a hankali take zuwa, har direba ya saba, ya riƙa cewa ai halin motar ne.

Gwajin farko ba ya bukatar ko sifana. A tsayar da mota a wuri mai daidai, tayoyi a miƙe. In mai man sitiyari ce a kunna inji. A juya sitiyari a hankali har taya ta fara motsi, sannan a mayar da shi ɗaya ɓangaren har ta sake motsawa. Tazarar da bakin sitiyarin ya yi tsakanin motsi biyun ita ce wasan. Ma'aunin Toyota shi ne kada ya wuce milimita 30, wato kimanin faɗin yatsu biyu. Wanda ya kai faɗin tafin hannu, gareji ya kamata ya nufa, ba tasha ba.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota a duba iskar tayoyi da kuma lodi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan sa mota lilo. Haka in aka danƙara buhuna har bayan ya zauna, gaban yakan yi sama, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakayau ko da kuwa ƙarafansa lafiya lau suke.

Daga nan sai neman inda wasan yake, kuma aikin mutum biyu ne. Mota na ƙasa da nauyinta, yaron gareji ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan, makanike kuma ya kwanta da tocila yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, tun daga sandar da ta sauko daga sitiyari har zuwa taya. Ƙa'idar guda ce: duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa, wanda ke haɗe da shi bai bi shi nan take ba, to nan ɓarnar take. Makanike mai ido yakan ɗora yatsunsa a kan gaɓar tayarod, domin yatsa na jin ɗan tsallen da ido ba ya gani.

Bayan haka a ɗaga gaban da jak, a tokare da abin da zai riƙe motar, kada a amince wa jak shi kaɗai. A kama taya ta gefenta na gaba da na baya a girgiza. In ta yi lako-lako, zargi ya fi karkata ga tayarod. A sake kama ta sama da ƙasa. In nan ne take motsi, ko dai bolojoyin ne ko boris. Don a bambance su, sai a taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan bolojoyin ne.

Tsarin sitiyarin ma iri biyu ne, kuma kowanne da inda yake ciwo. Fijo 504 tana amfani da doguwar sanda mai haƙora wadda makanikai ke kira rak. A nan ana duba gaɓoɓin ciki da ke ɓoye cikin roba mai lanƙwasa, da kuma bushin da ke riƙe da rak ɗin. Tsofaffin Hilux kuwa akwatin sitiyari gare su a ɗaure a jikin shasi, da hannun ƙarfe da ke fitowa daga ƙasansa, wasu kuma da wani hannun a ɗaya gefen wanda bushinsa ke saurin cinyewa. Sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau, notocin da suka riƙe shi ne suka kwance, ko shasin ya tsage a wurin saboda gargada.

A kan wannan akwati ne aka fi yin kuskure. A samansa akwai wani sukuru da noti ya kulle, wanda ake rage wasan haƙoran ciki da shi. Makanike mai gaggawa da ya ji an ce sitiyari na wasa sai ya tafi kai tsaye ya ɗaure shi tam. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, ya ɗauka an gyara, alhali tayarod ɗin da ya mutu yana nan yadda yake. Ga shi kuma an ƙara sabuwar matsala, domin akwatin da aka matse yakan cije, sitiyari ya ƙi komawa tsakiya da kansa bayan kwana, haƙoran kuma su cinye da wuri. Wannan sukuru shi ne na ƙarshen taɓawa, bayan an tabbatar sauran gaɓoɓi lafiya suke. In za a taɓa shi, tayoyi su kasance a miƙe, a juya shi abin da bai wuce rubu'in zagaye ba, a gwada sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe kafin a ƙara.

Gaɓar da ta mutu canza ta ake yi. Dukan kwaskon tayarod da guduma don ya matse, ko cusa masa leda da tsohuwar roba, ko yi masa walda, duk dabarun kwana biyu ne. Ranar da ƙwallon ya fice daga kwaskonsa mota na gudu, tayar za ta juya inda ta ga dama, direba kuma ba shi da ta cewa. Araha ba ta ado a nan. Wanda zai sayi na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya jujjuya ƙwallon da hannunsa: ya zama mai tauri, robarsa kuma ba ta yage ba. Robar nan ce ke tsare giris a ciki, ta hana ƙurar hunturu da ruwan damina shiga, kuma daga yagewarta lalacewa ke farawa.

Bayan an ɗaura sabo, a tabbatar an sa ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Sannan a kai motar a daidaita tayoyin gaba, domin canjin tayarod yakan sauya saitinsu, in ba haka ba sabbin tayoyi za su ƙare cikin ɗan lokaci.

Don haka, ya kai mai akori-kura, gobe da safe kafin ka yi lodi, tsaya ka auna wasan sitiyarinka da yatsu biyu. In ya wuce, kai ta gareji, ka tsaya a kan makanike ya nuna maka gaɓar da ke motsi da idonka kafin ka biya kuɗin kaya. Fasinjojin da ke zaune a kan buhuna a baya ba su san halin da gaban motar ke ciki ba, kai ka sani, kuma amanarsu tana wuyanka.