Shekara 36 yana koyar da tuƙa jirgin da ba shi da inji

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da rana tsaka ya ga shirwa tana kewaya sama ba ta kaɗa fiffike, to ya ga sana'ar Derek Piggott. Rana ce ke gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi sama, tsuntsu ya shiga cikinta ta ɗauke shi. Haka jirgin sama marar inji yake tafiya: wani jirgin ko igiyar ƙarfe su ja shi ya tashi, a sake shi, sauran kuma ya rage ga idon matuƙi da yadda ya iya karanta gajimare.

An haifi Piggott a Ingila a 1922. Ya shiga rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma a 1953 ya ajiye kaki ya koma filin Lasham, kudu maso yammacin Landan, inda ya zama babban malamin masu koyon tuƙi har zuwa 1989. Aiki ne da ba ya son garaje. Jirgi mai inji idan saukarsa ta zo a karkace yakan sake tashi ya kewayo. Wannan kuwa dama ɗaya ce tak, kuma dole ɗalibi ya haƙƙaƙe da hakan tun kafin ranar da za a bar shi shi kaɗai a sama.

Masu shirya fina-finai sun san da zamansa. A fim ɗin The Blue Max na 1966, shi ne ya riƙa ratsawa da jirgi ta ƙarƙashin wata gada a ƙasar Ayalan. Kafin nan, a watan Nuwamban 1961, ya tashi da wani jirgin gwaji da ɗaliban Jami'ar Southampton suka ƙera, wanda ba abin da ke motsa shi sai ƙafafun matuƙi, kamar mai tuƙa keke.

Sai dai a ganina abin da ya yi bayan ritaya ya fi waɗannan ban mamaki. A 2003, yana da shekara tamanin, ya shiga gasa da ƙaramin jirgi marar inji, ya ci tafiyar sama da kilomita 500 cikin awa bakwai da 'yan mintuna, tazarar da ta ɗara ta Abuja zuwa Kano. Ya rasu a Janairun 2019, yana da shekara 96.