Kiwon Ƙananan Kifaye a Gida

Ƙasar Gumel ƙasa ce ta jigawa da rairayi. Tun daga Gagarawa har Maigatari, can bakin iyakar Nijar, babu wani kogi mai gudu rani da damina. Yawancin kifin da ake ci daga wajen Haɗeja ake kawo shi, galibi banda ko busasshe. Saboda haka akwai yara da yawa waɗanda suka san daɗin kifi a miya, amma ba su taɓa zama sun dubi mai rai yana iyo ba.

Duk da haka, in damina ta yi nisa, tafkuna da kududdufai suka cika, a waɗansu wurare akan ga kifi inda kwanan baya ƙura ce ke tashi. Yara kan ce daga sama ya faɗo tare da ruwa. Ba haka ba ne. Wani kifin ambaliya ce ke kawo shi daga wani ruwa. Tarwaɗa kuwa tana iya shaƙar iska, don haka takan ja ciki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare, ta ƙaura daga wannan tafki zuwa wancan. Gaiwa tana da huhu. In ruwa ya soma ƙafewa sai ta kutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta kwanta nan har wata daminar.

Akwai kuma wani ɗan kifi wanda dabararsa ta fi waɗannan ban mamaki. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, watau kamar ƙaramin yatsan babban mutum. Namijin yana da ɗigo-ɗigo ja a jiki da fukafukai, macen kuwa toka-toka ce, ba ta da ado. A shekarar 1928 wani Bajamushe masanin dabbobi, Ernst Ahl, ya rubuta siffarsa daga waɗanda aka kamo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum, ya kuma raɗa masa suna da sunan kogin. Har yau a littattafan masana na duniya ana kiransa Pronothobranchius kiyawensis. Sunan ya fi kifin tsawo, saboda haka a nan kifin Kiyawa za a riƙa ce masa.

Kifin Kiyawa ba ya ganin damina biyu. Yana zaune a ruwan da ke ƙafewa da rani, kuma ran da ruwan ya ƙafe shi ma kwanansa ya ƙare. Amma kafin nan ya riga ya binne ƙwayayensa cikin laka. Laka ta bushe, ta tsattsage, shanu su bi ta kai, rana ta dake ta wata da watanni, ƙwan yana ciki bai mutu ba. Sai ruwa ya sauka, tafki ya kawo, 'ya'ya su ƙyanƙyashe. Duk yaron da ya taɓa bin mahaifinsa gona aka yi binnen gero tun kafin ruwan fari, ya riga ya san wannan dabara. Manomi yana sa iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira sama, haka shi ma kifin nan. Tun da yake kwanakinsa kaɗan ne, girmansa da sauri yake. Yana da wani ɗan'uwa a ƙasar Mozambik wanda masana suka ba da labari a shekarar 2018 cewa kwana 14 bayan ƙyanƙyasarsa ya isa yin ƙwai.

Irin waɗannan ƙananan kifaye ana iya kiwonsu a gida ko a makaranta, don a dubi zamansu ido da ido. Ba sabon abu ba ne. Mutanen Sin sun daɗe ƙwarai suna ajiye jan kifi a cikin tukwane don sha'awa. A Ingila kuwa, a shekarar 1853, aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun daji na birnin Landan, inda aka jera akwatunan gilashi cike da ruwa. Daga nan abin ya bazu cikin gidaje. Yau akwai mutane a Turai da ke kiwon dangin kifin Kiyawa, har suna aika wa juna ƙwayayensa ta gidan waya.

To, mai son kiwon kifi, kafin ya nemi kifin, lalle ne ya gane abu guda. Kifi yana numfashi kamar kowace dabba. In aka lura da shi za a ga kullum yana buɗe baki yana rufewa. Ba ruwa yake sha ba. Ruwan yana shiga ta baki, ya bi ta kan waɗansu jajayen abubuwa masu kama da haƙoran matsefi da ke ɓoye a gefen kansa, ya fita. A nan ne jininsa ke tsotse iskar da ta narke cikin ruwan, wadda ake kira oksijin. Iskar nan kuwa ba ta da yawa a ruwa. Wadda ke cikin lita ɗaya ta iskar sarari ta ninka wadda ke cikin lita ɗaya ta ruwa wajen sau 30. Ashe abin da kifi ke rayuwa a kansa ɗan kaɗan ne, kuma ba wuya ya ƙare.

Ta saman ruwa iska ke shiga. Wannan ne dalilin da ya sa kifin da aka jefa cikin kwalba mai ƙaramin baki ba ya kwana biyu, ko da kwalbar cike take. Mazubi mai faɗin baki, ko ba shi da zurfi, ya fi mai zurfi da ƙuntataccen baki. Babban kasko na ƙasa ya yi, haka bahon roba. Akwatin gilashi ya fi daɗin kallo, gama ana ganin kifin ta gefe, amma kifin shi ba ruwansa da wannan. Garwa dai ba ta dace ba, don tana tsatsa, tana kuma ɗaukar zafi. Ruwa cikin garwa ɗaya, watau kamar lita 18, ya ishi ƙananan kifaye biyar ko shida. Yara sun fi yin kuskure a nan. Wanda ya kamo ashirin yakan so ya ajiye ashirin ɗin, da safe ya tarar duk sun juya ciki sama.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma a ƙasar Gumel shi ne babban abokin gaba. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa takan gudu. Wanda ya kai digiri 30 yana riƙe da kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar da yake riƙewa a digiri 10. Ga shi kuwa zafin yana ƙara wa jikin kifi bukatar iskar. Ƙananan kifayen da yaran Ingila ke kamowa a rafukansu masu sanyi, da za a kawo su Gumel cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da ba za su kai la'asar ba. Can kuwa, in sun ajiye kifin Afirka, sai sun sa na'urar ɗumama ruwa. Kifin ƙasa ya saba da yanayin ƙasarsa, shi ya sa ya fi sauƙin kiwo. Amma shi ma a tafki yana da zurfi da inuwar ciyawa inda yake fakewa da tsakar rana. A kasko ba shi da wurin gudu. Sai a ajiye shi a inuwa, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan ruwan, kuma ba ƙarƙashin rufin kwano ba.

Nan ne kaskon ƙasa ya fi gilashi da roba. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa, ruwa yana tsatsafowa ta jikin randar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yi amfani da wannan ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu, don kada kayan miya su lalace. Aikin ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai kiwon kifi yana iya aron dabarar da bazara: ya dasa kaskonsa cikin rairayi, ya riƙa jiƙa rairayin safe da yamma. In hunturu ya shigo kuwa, dare ya yi sanyi, sai a shigar da kaskon ɗaki.

Ruwan sama mai tsabta ya yi kyau. Na rijiya ko na burtsatse a bar shi ya kwana a buɗe ya sha iska. Na famfo wani lokaci akan sa masa magani mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke kashe kifi kuma, saboda haka shi ma sai ya kwana ɗaya ko biyu. Sabulu ko omo, ko ɗan kaɗan ne, guba ne. A shimfiɗa wankakken rairayi a ƙasa, a sa 'yar kainuwa a sama. Tsiro yana ba ruwa iska da rana, amma da dare shi ma sha yake, kuma kainuwa in ta rufe fuskar ruwa duka ta toshe ƙofar iska. Sai a riƙa rage ta.

Wajen kamun kifin akwai haɗari, kuma ba na wasa ba ne. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini yana da zurfi inda ba a zato, ya kuwa ci yara da yawa a ƙasar Hausa. Ban da wannan akwai tsargiya. Tsutsarta tana girma cikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsoma ƙafa, ba ya ko ji. Daga baya sai a ga jini a fitsari. Akwai maganinta a asibiti, amma rashin kamuwa ya fi. Don haka yaro kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya shiga ruwan. A sami ƙyallen tsohon gidan sauro wanda aka daina amfani da shi, a ɗinka shi jikin waya, a ɗaure bisa doguwar sanda, a kamfato daga gaɓa. Kainuwar da aka ɗebo a duba ta a cire dodon koɗi. In an kawo kifi gida kada a juye shi farat ɗaya. A riƙa ƙara masa ruwan kasko kaɗan kaɗan har jikinsa ya saba. Ɗan tarwaɗa kuwa, kome ƙanƙantarsa, kada a haɗa shi da sauran, gama zai girma ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Mazan kifin Kiyawa masu faɗa ne, namiji ɗaya da mata biyu ko uku sun isa.

Abincinsu ba saye ake yi ba. Babu abin da suka fi so kamar tsutsar sauro, wadda ake samu a kowane fasasshen tulu ko tsohuwar taya da ruwa ya kwanta. Mai ɗebo ta ya yi aiki biyu, ya ciyad da kifinsa, ya kuma rage sauron gidansu, in dai ya tuna ya kifar da ruwan bayan ya gama. Suna cin gara da ƙananan ƙwari. A ba su abin da za su cinye nan take, sau ɗaya ko sau biyu a rana. Tuwo da shinkafa ba nasu ba ne. Abin da ya saura yakan ruɓe, ruɓar ta shanye iskar ruwa, kashin kifin kuma ya taru ya zama dafi. Kifin da ya mutu a hannun masu kiwo don ƙoshi ya fi wanda yunwa ta kashe yawa. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa, a cika da wanda ya kwana. In aka ga kifi ya taso sama yana haki, to, iska ta yi ƙaranci, a sake rabin ruwan nan da nan. A rufe bakin kaskon da raga, don suna tsalle, ga kyanwa da kaji kuma suna jira.

Wanda Allah ya ba shi kifin Kiyawa, mace da namiji, yana iya ganin abin da ke faruwa a tafki a cikin ɗakinsa. Ya sa ɗan ƙoƙo cike da laka mai laushi a gindin kaskon. Za a ga namiji ya rungumo macen da fukafukansa, su danna jikinsu cikin lakar, su saki ƙwai. Bayan mako biyu a ɗauke ƙoƙon, a tsiyaye ruwan, a bar lakar ta sha iska har ta zama da danshi kawai, kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. A ɗaure ta cikin leda, a rubuta ranar a jiki, a ajiye a inuwa kamar wata uku. Sa'an nan a zuba ta cikin kwano, a kwarara mata ruwan sama. Cikin sa'o'i kaɗan, in an duba da kyau, za a ga waɗansu abubuwa kamar tsinken allura masu manyan idanu suna motsi.

Ba duk ƙwan ke fashewa a jiƙon farko ba. Waɗansu sukan ci gaba da barci, domin a daji ruwan fari yakan yi yaudara, tafki ya kawo ya sake ƙafewa kafin 'ya'yan su girma. Saboda haka kada a zubar da lakar. A kwashe 'ya'yan da cokali, a sake tsane ta, a mayar cikin leda. Bayan wata guda in aka sake jiƙa ta, sau da yawa akan sami waɗansu.