Rabon Talaka a Kasafin Kuɗin Yobe: Shiri na Musamman daga Gashua

 Shirin na yau zai duba yadda Majalisar Dokokin Jihar Yobe take sarrafa kasafin kuɗi, da abin da ke isa hannun mazaunin Gashua ko Nguru daga cikin wannan dukiya, da kuma makomar ƙudurorin da ke kwance gaban majalisa suna jiran a waiwaye su.

Kasafin kuɗi, a ma'anarsa ta doka, ƙiyasi ne na abin da gwamnati take sa ran samu da abin da take niyyar kashewa cikin shekara guda, kuma ba ya zama abin aiki sai majalisa ta mayar da shi doka. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi, a sashe na 120, cewa duk kuɗin shigar jiha za su taru a asusu ɗaya, ba kuma za a fitar da ko sisin kwabo daga cikinsa ba sai da izinin doka, sa'annan sashe na 121 ya ɗora wa gwamna nauyin gabatar da ƙiyasin shekara mai zuwa gaban 'yan majalisa. A Jihar Yobe, wadda aka yanko daga tsohuwar Jihar Borno ranar 27 ga Agusta, 1991, ikon amincewa da kasafi yana hannun wakilai 24 da ke zama a Damaturu a madadin ƙananan hukumomi 17. Idan aka shiga sabuwar shekara majalisa ba ta amince da kasafi ba, sashe na 122 ya yarje wa gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi daidai gwargwadon na bara har tsawon watanni shida, wanda hakan ke nuna cewa masu tsara kundin sun hango yiwuwar saɓani tsakanin ɓangarorin biyu, sun kuma ɗauke shi a matsayin abin da ya halatta.

Kasafin da Gwamna Mai Mala Buni ya gabatar domin shekarar 2024 ya kusa naira biliyan 217, na 2025 kuwa ya haura biliyan 320. Mai jin waɗannan alƙaluma zai iya zaton arzikin jihar ya bunƙasa cikin shekara guda, amma babban dalilin hauhawar shi ne janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, tare da sakin darajar naira, matakai biyu da suka ƙara yawan nairorin da ake rabawa daga asusun tarayya, suka kuma rage ƙarfin kowace naira a kasuwa. Manomin shinkafa a fadamar Bade ya biya kuɗin wannan ƙari tun kafin ya ji labarinsa, domin man injin ban ruwa da takin zamani da kuɗin mota zuwa kasuwa duk sun tashi. Saboda haka tambayar da yake yi, ta ina nasa rabon yake, tambaya ce mai tushe, kuma bai dace a ɗauke ta a matsayin roƙo ba.

Mafi yawan kuɗin da Yobe ke kashewa daga Abuja suke zuwa. Bisa tsarin rabon da ake bi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60, bayan an ware kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙo su. Harajin da jihar ke tarawa da kanta kaɗan ne idan aka kwatanta da wannan kaso, duk da kasuwar dabbobi ta Potiskum da riɗi da ƙaro da kifin da ake fitarwa daga Nguru da Gashua. Illar wannan dogaro ta wuce ta lissafi kawai, domin gwamnatin da ba ta rayuwa da harajin jama'arta ba ta jin matsin bayyana musu inda kuɗi suka tafi, su ma jama'ar sukan ɗauki aikin gwamnati tamkar kyauta daga mai mulki. Daga nan ne kalmar romon dimokuraɗiyya ta samu gindin zama a bakin 'yan siyasa da magoya bayansu, kalmar da ita kanta ta amince cewa naman yana wani wuri, romo ne kawai ke gangarowa ƙasa.

Akwai wurin da aka mayar da rabon mazauni doka, kuma yana da amfani a dube shi da kyau. Jihar Alaska da ke ƙuryar arewacin Amurka ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1976, a zamanin Gwamna Jay Hammond, inda ta wajabta zuba aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga haƙƙin mallakar mai da sauran ma'adinai a wani asusu na dindindin, wato asusun da ba a taɓa uwar kuɗinsa, sai dai a juya su a ci riba. Daga 1982 aka fara raba wani ɓangare na ribar ga kowane mazaunin jihar da ya cika sharuɗɗa, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, inda rabon farko ya kama dala 1,000. A 2022 adadin ya kai dala 3,284 idan aka haɗa da tallafin makamashi, a 2023 ya sauko zuwa dala 1,312, a 2024 kuma ya zama dala 1,702. Hawa da saukar nan sun samo asali ne daga taƙaddamar majalisa, domin tun da farashin mai ya faɗi, Gwamna Bill Walker ya yanke kusan rabin rabon 2016, kotun ƙolin jihar ta tabbatar masa da ikon yin hakan a 2017, kuma tun daga lokacin adadin ya zama abin da ake ciniki a kansa kowace shekara tsakanin masu son a ba jama'a kuɗinsu a hannu da masu son a riƙe su domin makarantu da hanyoyi.

Wanda ya so a kwaikwayi Alaska a Yobe sai ya fara da lissafi. Mazauna Alaska ba su kai dubu 750 ba, asusunsu kuwa ya kai kimanin dala biliyan 80. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Yobe sun haura miliyan 2.3, kuma sun ƙaru sosai tun daga wancan lokaci. Ko da an ɗauki tsohon adadin, aka raba kasafin 2025 gaba ɗayansa ba tare da an biya malami ko likita ko an gina aji ɗaya ba, kowane mutum ba zai samu naira dubu 140 a shekara ba, wato bai kai albashin wata biyu ba a ma'aunin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024. Rabon tsabar kuɗi ga kowa, a irin wannan hali, zai cinye abin da ake da shi ba tare da ya fitar da kowa daga talauci ba. Abin da ya cancanci ɗauka daga Alaska shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashin tsarin, cewa haƙƙin mazauni a rubuce yake cikin doka, an san wanda ya cancanta, an san ranar biya, kuma sauya shi yana buƙatar muhawara a bainar jama'a. Tallafin da aka saba gani a Nijeriya, kamar naira 5,000 a wata da gwamnatin Muhammadu Buhari ta riƙa bai wa gidaje marasa galihu, ko buhunan hatsi da ake rabawa lokacin azumi da bayan ambaliya, yana rage raɗaɗi, amma yana zuwa ne ya tafi bisa ra'ayin mai mulki, kuma wanda sunansa bai fito ba ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tunanin ajiya domin gobe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, a zamanin Olusegun Obasanjo, amma da yake ba a kafa shi bisa doka mai ƙarfi ba, sai aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa, abin da ya sa aka kafa hukumar asusun ajiyar ƙasa da doka a 2011, aka fara ta da dala biliyan ɗaya. Kusa da gida kuma, a 2006 jihohi shida, wato Yobe da Borno da Jigawa da Kano da Bauchi da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun amana na kula da kwarin kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, mai hedikwata a Damaturu. Wannan asusu ya shafi rayuwar Gashua da Nguru kai tsaye, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin kwararar ruwa ya sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Ga masunci da makiyayi da manomin wannan yanki, share hanyar ruwa a kan kari, shekara bayan shekara, ya fi kowane rabon kuɗi daraja, kuma aiki ne da ba ya yiwuwa sai da kason da ake warewa a kasafi ana kuma sakinsa.

Haka batun yake game da ciwon ƙoda, wanda ya daɗe yana addabar Gashua da kewayenta har ya zama abin da ake ambaton garin da shi. Gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa da ke Damaturu, ta kuma tallafa wa binciken gano musabbabin cutar, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai iyalin da suka sayar da gona ko shanu domin jinya sun san cewa alherin da ya dogara ga niyyar gwamna mai ci yana iya tafiya tare da shi. Majalisa ce kaɗai ke da ikon mayar da irin wannan taimako haƙƙi tabbatacce, ta hanyar dokar da za ta fayyace kason da za a riƙa warewa domin ruwan sha mai tsabta da gwajin farko da jinya, yadda gwamnati mai zuwa ba za ta iya janye shi a ɓoye ba. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma wannan ma'auni ne da kowane mai sauraro zai iya auna kasafin jiharsa da shi, muddin ya tuna cewa abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban.

A wannan giɓi tsakanin rubutawa da sakewa ne aikin majalisa ya fi nauyi, a nan ne kuma majalisun jihohi da dama a Nijeriya suka fi rauni. Ana yawan yabon majalisa idan ta amince da kasafi cikin 'yan makonni, kuma gaskiya ne fara aiki da shi tun watan Janairu yana da amfani, musamman ga ayyukan da dole a kammala su kafin damina. Amma sauri ba ya maye gurbin bincike. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwanaki 90 da karɓar bayanan babban akanta, sashe na 128 da na 129 kuma sun ba majalisa ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Gyaran kundin tsarin mulki na 2018 da na 2023 sun ba majalisun jihohi 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye, domin kada ɗan majalisa ya zama mai jiran alfarma daga wanda aka zaɓe shi ya sa wa ido. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya umarci a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye zuwa gare su, ya ƙara wa majalisar wani aiki, domin dokokin jiha ne ke tsara yadda ƙaramar hukumar Bade ko ta Nguru za ta yi kasafinta, a kuma binciki littattafanta.

Ƙuduri, wato daftarin dokar da ba a riga an amince da ita ba, yana bin matakai sanannu. A karatu na ɗaya ana gabatar da sunansa ne kawai, a na biyu a yi muhawara kan manufarsa, sa'annan a miƙa shi ga kwamiti, wanda zai iya kiran zaman jin ra'ayin jama'a, kafin a dawo da shi zaure a bi shi sashe-sashe a yi karatu na uku. Sashe na 100 ya ba gwamna kwanaki 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuwa ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai, wato 16 daga cikin 24 a Yobe, za su iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba. Yawancin ƙudurorin da ke mutuwa a hannun kwamiti suke mutuwa, ba tare da an kaɗa musu ƙuri'ar ƙi ba, kuma a wannan mataki ne ƙungiyar masunta ko ta manoman shinkafa, ko malaman Jami'ar Tarayya ta Gashua da aka kafa a 2013, za su iya aika takardar bayani ko su nemi wakilinsu ya faɗa musu inda maganar ta tsaya. Lokacin yin hakan a ƙayyade yake, domin sashe na 105 ya tanadi cewa majalisa tana rushewa bayan shekaru huɗu daga zamanta na farko. Majalisar da aka rantsar a Damaturu a watan Yunin 2023 wa'adinta zai cika a Yunin 2027, kuma duk ƙudurin da bai zama doka ba kafin wannan rana, sai sabbin wakilai sun sake gabatar da shi tun daga karatu na ɗaya.