Kafin ka kafa akurki, tambayi tarihin filin

'Yan'uwa masu shirin fara kiwo, kullum tambayar da ake turo min ita ce irin kaji da farashin abinci. Yau ni kuma zancen ƙasar da za a zuba su nake so mu yi.

Akwai dangin guba masu sinadarin kilorin: DDT, Gammalin 20, da dayoksin, wanda ke fita in an ƙona shara, robobi ko wayoyin lantarki. Ba sa narkewa a ruwa, maiƙo suke bi. In sun sauka ƙasa sai su manne wa ruɓaɓɓen ganye, taki da toka a saman ƙasa. Damina ba ta wanke su. DDT kan shekara goma da ɗoriya yana nan.

To, kazar da aka saki tono take, tana haɗiye ƙasa da tsutsa. Gubar sai ta taru a kitsenta da ƙwanduwar ƙwai. Haka ma tarwada, da ke kwana cikin laka a ƙasan rami. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin sake a Agbogbloshie, inda a lokacin ake ƙona tarkacen lantarki a Accra: cin ƙwai ɗaya ya ninka iyakar dayoksin da Turai ta gindaya wa mutum a rana sau 220.

Shawarata: kada ka yi kiwo a tsohuwar bola, ko inda aka taɓa ajiye maganin feshi. Kada ka shimfiɗa tokar shara a akurki. In filin da shakka, yi daɓen siminti, kifi kuma a tanki.

Dafuwa ba ta cire wannan guba, kuma yaranmu ne ke cin ƙwan. Allah ya sa albarka a kiwo.