Bayan Arba'in, Lafiyar Magidanci Amanar Iyali Ce

A Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, fartanya da takawa zuwa gona su ne motsa jikin magidanci tun kaka da kakanni. Amma tun da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Rugu, manoma da dama sun bar gonakinsu na nesa. Jikin da ya saba da noma ya koma zaman majalisa, ga damuwa, ga ƙarancin barci.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura arba'in, shekarun da aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta haɗa da kula da iyaye da zuriya. A lokacin ne mutum yake ɗauke da tsofaffi da yara, a lokacin ne kuma hawan jini kan shigo ba sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da gishirin da bai kai giram 5 ba a rana. Tafiya da sauri cikin gari, rabin awa sau biyar a mako, ta cika wannan adadi. Uwargida ta rage dunƙule a miya, maigida ya riƙa zuwa awon jini. In ya kai 140/90, a ga likita tun kafin ciwo ya kwantar da mai ciyar da gida.